Ƙarin Mahaifa da Neman Haihuwa: Mazauninsa da Shekarun Mace Su Ke Yanke Hukunci

A sassan kula da lafiyar mata na manyan asibitocinmu, daga Kano da Zariya zuwa Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, da wuya likita ya wuni yana ganin masu neman haihuwa bai ci karo da ƙarin mahaifa ba, wato tsiron naman nan da likitoci ke kira faibroid. Mace ta shekara biyar ko bakwai a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, a tura ta hoton ciki, takarda ta fito da ƙari biyu ko uku. Daga nan sai dangi su ɗauka an gano bakin zaren. Wasu su ce a yi maza a yi aiki a cire, wasu su ce tiyata ba ta taso ba tunda akwai mai maganin da ke narkar da shi. Duk da saɓaninsu, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda: sun yarda cewa duk ƙarin da aka gani a mahaifa shi ne ya tare haihuwa. Wannan zato yana jawo wa iyalai asarar dukiya, yana sa a yanka matan da ba su buƙatar yanka, yana kuma cinye shekarun da mace ba za ta sake samu ba. Abin da binciken likitanci ya nuna shi ne, illar ƙari ga maganin haihuwa, musamman dashen ƙwai wanda aka fi sani da IVF, ta dogara ne kan wurin da ya zauna a jikin mahaifa. Shawarar cire shi ko barinsa kuwa ba ta inganta sai an auna ta da shekarun matar da sauran abubuwan da ka iya hana ta ɗaukar ciki.

Ƙarin mahaifa curin nama ne da ke tsirowa daga tsokar mahaifar kanta. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa wajen saduwa, kuma ba ya yaɗuwa zuwa sauran sassan jiki. Sinadaran da ke tafiyar da jinin al'ada su ke ciyar da shi, shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa, ya kuma motse bayan al'ada ta ɗauke. Wani bai kai santimita ɗaya ba, wani kuwa yakan cika mara har ya haura cibiya. Yawansa a cikin mata baƙar fata abin lura ne ƙwarai. A 2003, Donna Baird da abokan aikinta a Amurka sun wallafa binciken da suka yi ta hanyar ɗaukar hoton mahaifar mata, inda suka kiyasta cewa kafin su kai shekara 50, fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata sun taɓa samun ƙari, fararen mata kuma kusan kashi 70. Baƙar mace ta fi saurin samunsa da ƙuruciya, nata kuma ya fi yawa da girma. Wannan adadi shi kansa hujja ce. Da a ce kowane ƙari yana hana haihuwa, da mafi yawan matan duniya ba su haihu ba. A cikin matan da ke fama da rashin haihuwa, ana samun ƙari a jikin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, amma waɗanda za a ce shi kaɗai ne dalilin matsalarsu ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba.

Don a gane wane ƙari ne mai illa, sai a san yadda mahaifa take. Jaka ce ta tsoka mai kauri, a tsakiyarta akwai ɗan kogo wanda wata lallausar shimfiɗa ta lulluɓe. Wannan shimfiɗar ce ke zuba a matsayin jinin al'ada duk wata, kuma a jikinta ɗan tayi ke maƙalewa idan ciki ya shiga. Ƙari iri uku ne gwargwadon mazauninsa: akwai wanda ya turo kai cikin kogon, akwai wanda ya nutse a cikin kaurin tsoka, akwai kuma wanda ya tsiro ta bayan mahaifa yana fuskantar hanji, wani lokaci ma yana reto a kan ɗan siririn wuya. A 2011 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta tsara su da lambobi daga 0 zuwa 8: lamba 0 zuwa 2 su ne na cikin kogo, 3 da 4 na cikin tsoka, 5 zuwa 7 na waje, 8 kuma na wasu wurare kamar bakin mahaifa. Manomi zai fahimci bambancin nan da nan, domin dutsen da ke bakin iyakar gona ba ya hana shuka fitowa, amma wanda ya zauna a tsakiyar kunya, daidai inda za a binne iri, shi ke ɓata damina.

Dashen ƙwai, wanda aka fara samun haihuwa ta hanyarsa a Oldham ta Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, ya ba masu bincike damar gwada wannan magana a fili. A wannan hanya likita ne ke ciro ƙwan mace, ya haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sannan ya ajiye ɗan tayin a cikin kogon mahaifa da hannunsa. Tunda an tsallake bututun ƙwai da sauran matakai, idan ciki bai zauna ba sai a dubi lafiyar ɗan tayin ko ta mahaifar. A 2009, Elizabeth Pritts da William Parker da David Olive sun tattara binciken da aka yi kafin lokacin suka auna shi wuri guda. Sakamakon ya rabu gida uku. Matan da ƙarinsu ya turo cikin kogo, damarsu ta ɗaukar ciki da ta haihuwar jariri mai rai ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku idan aka kwatanta su da marasa ƙari, kuma ɓari ya fi yawa a cikinsu. Matan da ƙarinsu yake ta waje, babu wani bambanci tsakaninsu da marasa ƙari. Na cikin tsoka kuwa sun faɗo a tsakiya. Dalilin illar na cikin kogo ba ɓoyayye ba ne: yana karkata siffar kogon, yana sirantar da shimfiɗar da ke samansa, yana dagula gudun jini a wurin, yana tayar da kumburi, yana kuma sa mahaifa yawan motsi a daidai kwanakin da ya kamata ta natsu don ɗan tayi ya kama. Wani kuma yakan zauna a ƙofar bututun ƙwai ya toshe ta.

A kan ƙarin cikin kogo, kusan bakin likitoci ya zo ɗaya: a cire shi kafin a kashe kuɗi a dashen ƙwai. Cire shi ma galibi ba ya buƙatar tsaga ciki. Ana zura wata siririyar na'ura mai kyamara ta gaban mace, ta bi bakin mahaifa ta shiga kogon, likita yana kallo a allo yana kankare ƙarin yanki-yanki har kogon ya koma siffarsa, matar ta koma gida a ranar ko washegari. Wani gwaji da Casini da abokan aikinsa suka wallafa a Italiya a 2006, a kan mata 181 masu neman ciki ta hanyar saduwa, ya nuna cewa a cikin masu ƙarin kogo, kusan kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun samu ciki, waɗanda aka bari kuwa kusan kashi 27. A kan ƙarin waje ma babu gardama: muddin bai dame ta da ciwo ko danne mafitsara ba, kuma bai tare wa likita hanyar ciro ƙwai ba, a ƙyale shi.

Inda gardamar take shi ne ƙarin cikin tsoka wanda bai taɓa kogon ba. A 2010, Sesh Kamal Sunkara da abokan aikinta a Landan sun haɗa bincike 19 da suka ƙunshi zagayen dashen ƙwai fiye da 6,000, suka gano cewa irin wannan ƙari yana rage damar haihuwar jariri mai rai da kusan kashi 21 cikin 100. Ragi ne na gaske, musamman ga iyalin da suka sayar da fili ko shanu don biyan zagaye ɗaya tak. Sai dai sanin cewa abu yana rage dama daban, tabbatar da cewa cire shi yana dawo da damar kuma daban. A gwajin Italiya da aka ambata, bambancin da aka gani ga masu ƙarin cikin tsoka bai kai ƙarfin da za a kafa hujja da shi ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta sabunta a 2020 ta ce hujjar da ake da ita ba ta isa a ce tiyata tana ƙara haihuwa ga irin waɗannan mata ba, kuma jagorar da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta fitar a 2017 ba ta ba da shawarar yanka matar da ƙarinta bai taɓa kogo ba, kuma bai dame ta ba, don kawai neman ciki. Likitoci da dama sukan duba girma da kusanci: wanda ya haura santimita 4 ko 5, ko ya jingina da shimfiɗar kogon, ko an yi dashe sau biyu ko uku da 'yan tayi masu kyau bai kama ba, sun fi karkata ga cire shi. Wannan hukunci ne na ƙwarewa da ake yanke wa kowace mace ita kaɗai, kuma ya kamata a gaya mata hakan ƙarara.

Mai karatu zai iya cewa, tunda dai ƙarin ba alheri ba ne, me zai hana a cire duk wanda aka gani a huta? Amsar ita ce tiyatar ma tana da nata farashin, kuma mahaifar ce ke biya. Aikin cire ƙari a bar mahaifa babban ci gaba ne. Likitan Landan Victor Bonney, wanda aka cire wa matarsa mahaifa saboda ƙari a farkon ƙarni na 20 ba su samu haihuwa ba, shi ya ƙarar da rayuwarsa wajen inganta shi. Amma har yau aiki ne mai zubar da jini, shi ya sa likitocinmu ke ɗaure ƙasan mahaifa da roba kafin su fara yanka, kuma ake neman dangi su tanadi jini. Bayan rauni ya warke, hanji da bututun ƙwai kan manne da tabon, musamman idan an tsaga ta bayan mahaifa, ta yadda macen da bututunta ke lafiya kafin aiki za ta iya fitowa da toshewa. Tabon da ya yi zurfi yakan sa a ce ba za ta yi naƙuda da kanta ba, sai dai a yi mata aiki a ciro jariri, don gudun fashewar mahaifa, wadda ba ta cika faruwa ba amma tana kisa. Sannan ƙari yana dawowa. Wani bincike da aka yi a Italiya a 1995 ya gano cewa cikin shekara biyar da aiki, hoto ya sake nuna ƙari a jikin kusan rabin matan. Saboda haka yanka budurwa ko matar da ba ta shirya ɗaukar ciki ba, don kawai an ga ƙaramin ƙari, na iya zama asara biyu.

Akwai kuma farashin lokaci, wanda aka fi mantawa da shi. Bayan tsaga mahaifa ana jiran wata uku zuwa shida kafin a nemi ciki, ban da watannin tara kuɗi da na jiran layi. Ga 'yar shekara 27 wannan ba komai ba ne. Ga 'yar shekara 39 kuwa babban abu ne, domin yawan ƙwai da ingancinsa suna raguwa da sauri bayan shekara 35. Alƙaluman hukumar da ke sa ido kan dashen ƙwai a Birtaniya sun nuna cewa ga matan da ba su kai 35 ba, kusan ɗaya cikin uku na 'yan tayin da aka dasa ne ke zama jariri, ga waɗanda suka kai 43 kuwa, idan da ƙwansu aka yi, ko ɗaya cikin goma ba a samu. A wasu ƙasashe akan cike wannan giɓi da ƙwan wata mace. Ga mafi yawan Musulmi wannan ƙofa a rufe take: fatawar da Muftin Masar, Sheikh Jadul Haƙƙi, ya bayar a 1980, da matsayar majalisar fiƙihu ta Makka bayanta, sun halatta dashen ƙwai ne tsakanin miji da matarsa kawai, da ƙwanta da maniyyinsa, cikin igiyar aure. Ke nan shekarun matanmu sun fi nauyi a ma'auni. Dabarar da ƙwararru ke bi ga wadda shekaru suka ja kuma aiki ya zama dole ita ce a fara ciro ƙwai, a haɗa, a daskarar da 'yan tayin a ajiye, sannan a yi tiyata, a dasa bayan mahaifa ta warke. Mahaifa tana jure jira fiye da ƙwai.

Wani zai ce duk waɗannan bincike a Turai da Amurka aka yi su, a kan mata masu ƙananan ƙari, alhali matanmu sukan zo asibiti da mahaifa kamar mai cikin wata shida ko bakwai. Wannan magana gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar irin wannan. Matar da jinin al'ada ke zubar mata da gudaji har jininta ya yi ƙasa, take haki idan ta ɗan yi tafiya, take tashi fitsari sau da yawa cikin dare, wadda ƙari goma ko ashirin suka murɗe mata mahaifa, aiki ya wajaba a kanta don lafiyarta, kuma da wuya irin wannan tarin ƙari ya bar kogon yadda yake. Ƙa'idar ba ta canza ba, sai dai ta tona wata matsalar: me ya sa ake zuwa a makare? Mata da yawa idan ciki ya fara tasowa sukan ɗauka juna biyu ne, idan watanni suka shuɗe babu haihuwa a ce ciki ne ya kwanta, a shiga neman maganin tayar da shi. Wasu tsoron a cire musu mahaifa ke hana su zuwa. Wasu kuma masu tallan magani a rediyo da motocin lasifika ne suka riƙe su shekara da shekaru da alƙawarin narkar da ƙari. Babu wani jiƙo ko gari da bincike ya tabbatar yana narkar da shi. Ƙarin da za a iya kankarewa cikin awa ɗaya yana ƙarami shi ke zama babban aiki bayan shekara biyar, lokacin da ƙwan ma ya ja baya.

Magungunan asibiti ma suna da iyaka ga mai neman ciki. Akwai allurar da ke dakatar da al'ada ta rage girman ƙari cikin wata uku, tana da amfani wajen tsayar da jini da farfaɗo da mace kafin aiki, amma ba a ɗaukar ciki ana kanta, kuma da an daina ƙarin yake komawa girmansa. Wata ƙwaya mai suna Esmya da aka yi ta yabo, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta dakatar da ita a 2020 saboda lalata hanta, daga baya aka taƙaita amfani da ita ƙwarai. Hanyar toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙari jini, wadda Jacques Ravina ya bayyana a Faris a 1995, tana rage zubar jini sosai, sai dai gwajin da aka wallafa daga Jamhuriyar Cek a 2008 ya nuna cewa waɗanda aka cire wa ƙari da tiyata sun fi samun ciki da haihuwa, ɓarinsu kuma ya fi ƙaranci. Don haka ba ita ce zaɓin farko ga mai son haihuwa ba.

Babban haɗarin ɗora wa ƙari laifi shi ne yana rufe ido daga ainihin dalilin. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe 25, wanda aka wallafa a 1985, ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da suka je neman haihuwa bututun ƙwansu duka biyu a toshe suke, galibi sakamakon ciwon sanyi ko ƙwayoyin cuta bayan haihuwa ko ɓari. Ɓangaren namiji kuwa yana da hannu a kusan rabin dukkan matsalolin rashin haihuwa, amma sau nawa ake kiran mace juya, a yi mata kishiya, a kai ta ɗakin tiyata, alhali maigida bai taɓa ba da maniyyinsa an gwada ba? Gwajin nan ba ya ciwo, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na tiyata ba. Cewa ya taɓa haihuwa da wata matar shekaru goma da suka wuce ba ya wanke shi a yau.

Abin da ake buƙata kafin kowace shawara shi ne hoto mai faɗin gaskiya. Takardar da ta ce kawai an ga ƙari da yawa ba ta amsa komai ba. Hoton da ake ɗauka ta gaba ya fi na kan ciki nuna mahaifa, kuma akwai gwaji mai sauƙi da ke fayyace kogon: bayan al'ada ta ɗauke da 'yan kwanaki, likita zai zura siririn bututu ta bakin mahaifa ya ɗura ɗan ruwan gishiri mai tsabta. Ruwan zai buɗa kogon ya fito baƙi a allo, duk ƙarin da ya turo kai kuma a gan shi ɓaro-ɓaro, cikin 'yan mintuna. Wadda ta samu ciki da ƙari a jikinta kuma kada ta firgita. Binciken Katherine Hartmann na 2017 a kan mata fiye da 5,000 a Amurka bai ga ƙarin haɗarin ɓari ba bayan an cire tasirin shekaru da makamantansu. Duk da haka ta lazimci awo ta haihu a asibiti, domin ƙari kan jawo ciwo mai tsanani a tsakiyar ciki, ko kwanciyar jariri ba daidai ba, ko zubar jini bayan haihuwa.

Tun shekarun 1980 Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara dashen ƙwai a Legas, amma har yau cibiyoyin sun fi taruwa a manyan birane, zagaye ɗaya yana cin miliyoyin naira, kuma iyalai daga aljihunsu suke biya. A irin wannan hali, sakaci da ƙarin cikin kogo zubar da dukiya ne, yanka mace ba bisa hujja ba kuma zalunci ne. Ya kamata gwamnatocin jihohi su wadata manyan asibitocinsu da na'urar leƙa kogon mahaifa, su horar da masu aiki da ita, hukumomi kuma su taka wa masu tallan maganin narkar da ƙari birki. Ke kuma 'yar'uwa, idan kin shekara ɗaya da miji babu ciki, ko wata shida idan kin haura 35, ki je wurin likitan mata tare da maigidanki. In an ce kina da ƙari, ki tambaya a ina ya zauna, nawa ne girmansa, ya taɓa kogon mahaifa ko bai taɓa ba, bututunki a buɗe suke, kuma me gwajin maigida ya nuna. Kada ki sa hannu a takardar tiyata, kada kuma ki biya kuɗin dashe, sai kin ji amsar waɗannan tambayoyi.